Ma'ajiyar Iri Ta Rushe, Injiniya Tana Jego

Gusau,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga taubashiyata, Injiniya Juwairiyya, mai jego a gidan kakarta Inna Saude, 'Yandoto.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ɗan baƙonmu Lukuman. Allah ya raya shi, ya sa ya ɗauko sanyin halin ubansa, ba taurin kanki ba. Ya ruwan zafi? An ce tukunyar wankanki ta fi wadda aka dafa abincin suna girma. Ki gaishe mini da amaryata Inna, ki ce mata mijinta na nan tafe da goro. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya hana kowa sakat.

Dogo direba ya ba ni labari wai Inna ta kulle wayarki da kwamfutarki a adaka, ta rataya makullin a wuya, sai kin yi arba'in. Na yi dariya har da riƙe ciki. Shi ya sa kika gan ni da biro da takarda kamar zamanin kakana, yayan Inna.

To ga labari, amma ki ajiye yaron nan tukuna kada ki yar da shi. Na rushe ma'ajiyar bayananmu. Na kuma dawo da ita! Ni ɗin nan, Mas'udu malamin gona, wanda kike cewa ban san gaban kwamfuta da bayanta ba.

Ga yadda aka yi. Tun da manoman Bungudu suka shigo ƙungiyarmu ta adana iri, shugabanni ke ƙorafin sunan ma'ajiyar bai kamata ya tsaya a Tsafe kaɗai ba. Ranar Alhamis na buɗe kod ɗin nan naki, wanda kika ce shi ke gina mana komai a kwamfutocin hayar da kuke kira gajimare. Na ga layin suna, na gyara. Ya zubo mini dogon Turanci, ya tambaya ko na yarda. Ni kuwa suna kawai na sauya, mene ne abin tsayawa karatu? Na ce na yarda. Ashe a wurinsa sabon suna sabon gini ne. Ya rushe tsohuwar, ya gina wata sabuwa fil, babu ko ƙwayar bayani a cikinta.

Juwairiyya, na buɗe manhajar ƙungiya a waya na ga fari fat. Kin san abin da ke ciki, amma bari in tuna miki don ki san girman abin da na ceto. Buhunan da ke sitonmu na Bungudu lamba ce kawai a jikinsu, tun da gara ta cinye takardun muka koma fenti. Ma'ajiyar nan kaɗai ta san lamba kaza geron wane ne, daga wane ƙauye, jigawa yake so ko laka, mai saurin nuna ne ko mai jan lokaci. Ita ke riƙe da muryar kowane manomi yana bayanin irinsa da bakinsa. Wasu ƙauyukan ma yanzu kufai ne, mutanensu sun dawo gari suna aron gona, irin nan ne kaɗai abin da suka tsira da shi. Ga hadari ya fara haɗuwa, ga rabon iri ranar Litinin ta sama. Na hango kaina a gaban dattawa ina miƙa wa kowa buhun da hannuna ya kai.

Can sai na tuna kin taɓa nuna mini inda ake ajiye kwafin kowane dare. Na shiga shafin kamfanin da hannuna, ban bi ta kod ba, don ni da shi mun ɓata. Na zaɓi kwafin daren Laraba, na danna a dawo da shi. Na je na yi alwala, na yi la'asar, na dawo, sai ga wata ma'ajiya tsaye kusa da fankon, da wani mummunan suna da kamfanin ya laƙa mata. Na juya manhajar ta kalle ta. Kai, jama'a! Sai ga sunaye suna zubowa, Mada, Wanke, 'Yandoto, kowa da lambarsa. Na danna wata murya, sai ga wani tsoho yana yabon wakensa. Ihun da na yi har mai shayin ƙofar ofis ya shigo da ludayi a hannu, ya ɗauka gobara ce.

Abin da aka shigar ranar Alhamis da safe ne kaɗai ya tafi, masu shi kuwa suna nan da ransu, zan sake bin su.

Saboda haka ki ci kazarki, ki sha kunun kanwarki, ki miƙe ƙafa. Ofis yana hannun gwani.

Naki, taubashinki,
Mas'udu.

*

'Yandoto,
Ranar Talata.

Zuwa ga gwanin rushe-rushe, Malam Mas'udu.

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Lukuman sai tsotso da barci, ni kuma na zama dafaffen rogo, safe da yamma Inna na fyaɗa ni da ganye da tafasasshen ruwa. Na sha kunun kanwa har na fara jin ƙamshinsa a jikina. Amaryarka tana amsawa, ta ce mijin da ke aiko goro da baki ba ta ga amfaninsa ba. Ka sani kuma, ta yarda da wasiƙa ne bisa sharaɗin in karanta mata kowane layi a fili, don haka ka iya bakinka.

Da na kai wurin da ka ce ka rushe, na yi salati. Da na kai wurin da sunaye suka dawo, na yi guɗa, Inna ta make ni wai mai jego ba ta ɗaga murya. Taubashi, ka burge ni! Da gaske nake, ba wasa ba. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa su ƙara ɓata abu, kai kuwa ka nemo kwafin da ya dace. Na ji daɗi har raina.

Amma aiki bai ƙare ba, ka karanta wannan a zaune.

Kod ɗin nan yana da rajistarsa, inda yake rubuta abin da shi da kansa ya gina. Abin da ke cikin rajistar ne kaɗai nasa. Yanzu fankon nan ita ya sani a matsayin ma'ajiyarmu. Cikakkiyar da ka dawo da ita da hannu, bai ma san da zamanta ba, kamar tunkiyar da ta shigo garke makiyayi bai ƙirga da ita ba. Ba zai kula da ita ba, ba zai yi mata kwafi ba. Fankon yake yi wa kwafi kowane dare. Mu kuma kwafin mako guda kawai muke ajiyewa, sabo ya shigo tsoho ya fita. Ka gane? Kowace safiya kwafi mai kyau ɗaya na faɗuwa, kwafin wofi na hawa gurbinsa. Bayan haka, akwai zagayen da kod ke yi da kansa a tsakiyar mako, yana duba ko an taɓa wani abu da hannu ya mayar da shi yadda aka rubuta. In ya zo, zai sake juya manhajar ta kalli fankon.

Ga abin da za ka yi, kada ka tsallake ko ɗaya. Ka fara tsayar da zagayen nan, maɓallin yana shafin farko. Sai ka yi wa cikakkiyar kwafi da hannunka, irin wanda ba ya faɗuwa sai an goge shi, ka kuma sa mata makullin hana gogewa. Daga nan ka cire fankon daga rajista. Ka lura, cirewa daga rajista na ce, ba rushewa ba, ka bar ta tsaye tukuna. Sai ka shigar da cikakkiyar a gurbinta. Na rubuta maka umarnin biyu a bayan takardar nan, ka kwafa harafi da harafi.

Na ƙarshe shi ne mai hatsarin. Ka sa kod ya yi gwaji, wato ya faɗi abin da zai yi ba tare da ya yi ba. Dogon Turancin nan da ka raina, shi za ka karanta har ƙasa. In ka ga ya ce zai rushe wani abu, ɗauke hannunka. Ma'anarsa abin da ke rubuce bai yi daidai da abin da ke tsaye ba. Rubutun za ka gyara ya bi ma'ajiyar, ba ma'ajiyar za ta bi rubutun ba. Sai ya ce babu abin rushewa sannan ka yarda.

Af, sunan da manoma ke gani a waya ma ba a layin da ka taɓa yake ba, yana cikin manhajar, kuma sauya shi ba ya rushe komai. Ka ga wahalar banza da ka ba kanka!

Ka rubuto da zarar ka gama. Hannuna sai ƙaiƙayi yake, Allah ya sani.

Taka,
Juwairiyya.

*

Gusau,
Ranar Laraba.

Mai jego,

Gaisuwa da fatan alheri, ya jikin, ya Lukuman, ya amarya. Ni lafiya, in ban da kaina da ke juyawa. Shiru ban ga amsarki ba, ban kuma ga ƙeyar Dogo a tasha ba. Ko kishi ne ya hana ki rubutu, don na yi abin da kika zaci sai ke? Wannan ta hannun Umaru mai kai taki Tsafe na ba da ita.

Wani abin mamaki ya faru yau. Ina Bungudu da safe ina ɗaukar bayanan waɗanda nasu ya ɓace, sai manhajar ta sake yin fari fat! Na ce shi ke nan, an yi mana asiri. Na kamo mota na dawo ofis, sai na tarar cikakkiyar tana nan lafiya lau, wani abu ne kawai ya juya manhajar ta koma kallon fankon. Na sake juyo ta. Wasu daga bayanan safiyar ma cikin fankon suka faɗa.

Amma na gano bakin zaren, kuma za ki yi alfahari da ni. Matsalar ita ce ma'ajiya biyu ne, abin yana ruɗewa. Maganinta a koma ɗaya. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, ofis ba kowa, zan goge su duka biyun, don kamfanin ba ya yarda a maimaita suna sai an share mai shi. Sannan in ɗauko kwafin da ya fi kowanne sabunta, na daren Alhamis, in dawo da shi da kyakkyawan sunan da shugabanni ke so. Ma'ajiya ɗaya, suna ɗaya, tsaf! Ai yanzu hannuna ya faɗa, ido rufe ma zan iya.

Ki ga murnar da ake a Bungudu! Mata sun share gaban sito, an ari tabarmin masallaci, mai unguwa ya sa an yi shela a kasuwa. Jiya da yamma an yi walƙiya ta gabas, kowa ya fito da fartanyarsa yana gyara ƙota. Ban taɓa ɗokin wata rana kamar Litinin ɗin nan ba.

Naki,
Mas'udu gwani.

*

'Yandoto,
Alhamis da yamma.

Mas'udu,

Muna lafiya. KADA KA GOGE KOMAI.

Kwafin daren Alhamis kwafin fanko ne! Duk na makon nan na fanko ne! Mai kyan nan na Laraba da ka yi amfani da shi ya cika mako, ya riga ya faɗi. Cikakkiyar da ke tsaye ita ce kaɗai ta rage a duniya. In ka goge ta gobe, babu kamfani, babu injiniya, babu wanda zai dawo da ita. Buhuna za su zama buhuna kawai.

Ashe wasiƙata ta Talata tana cikin motar Dogo, motar kuma tana garejin Tsafe an sauke mata inji. Da na gama karanta taka a fili na miƙe na ɗauki mayafi, Inna ta tsaya a bakin ƙofa. Na roƙe ta ta buɗe adaka in kira ka, minti ɗaya kawai, don lambarka tana cikin wayar, wa ke haddace lamba yanzu? Na yi kuka, na yi magiya, na ce shekara uku na aikina ne da abincin mutane na bana. Ta ce adakar da aka buɗe sau ɗaya ba ta sake rufuwa, yau minti ɗaya, gobe in kwana a gaban kwamfuta. Na yi fushi na faɗa mata magana mai zafi.

Sai ta zauna a bakin gado ta ce, "Uwarki ma haka tac ce mini, aiki na jiranta. Na bar ta tat tahi da ɗanyen jiki. Ke aka maido mini, ita ba ta dawo ba." Taubashi, ban taɓa jin Inna ta yi zancen rasuwar mahaifiyata da bakinta ba sai yau.

Can ta ce in sake karanta mata wurin buhuna. Na karanta. Ta ce, "To rubuta mishi. Ke ba ki hita, amma ni ba jego nika yi ba."

Inna ce za ta kawo maka wannan da kanta. Za ta biya gareji ta karɓo ta Talatar a wurin Dogo. Ta bar wa maƙwabciyarmu Binta wankana, makullin adaka kuwa yana wuyanta, da shi za ta taho. Tsohuwar da rabonta da Gusau tun kafin a yi mini aure! Ina dariya ina hawaye. Ka bi ta Talatar layi-layi. Allah ya sa ta riske ka kafin ka taɓa.

Juwairiyya.

*

Gusau,
Ranar Asabar.

Zuwa ga Injiniya, shugabata, wadda na daina yi wa gori daga yau har zuwa jibi.

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da Lukuman, kuma Binta ba ta rage zafin ruwan ba. Inna lafiya lau, ta kwana gidanmu, ta ci tuwo ta ce miyar ba gishiri. Ga ta nan za ta hau mota da wannan takarda.

Albishirinki! Ma'ajiya tana nan! Cikakkiya, da makullinta, da kwafinta, kuma kod ya karɓe ta hannu biyu!

Bari in ba ki labari tun daga farko, don sai da Allah ya gyara. Motarsu Inna ta tsaya a hanya, ba ta iso ba sai ana huɗuba. Ba ta san ofis ba. Ashe tun daga tasha take tambayar mutane, "Ina ɗakin yaron nan mai dogon wuya da ka tara irin mutane?" har wani mai Keke ya gane ni. Ni kuwa na sauko daga masallaci da sabuwar shadda, na sayi rake, na zauna, na buɗe shafin kamfanin. Wallahi Juwairiyya na riga na zaɓi cikakkiyar, akwatin tambaya ya fito, ina cikin rubuta sunanta don tabbatarwa. Sai na ji an doko ƙofa da ƙafa.

"Kai, wanga yaro! Ɗauke hannunka!"

Na juyo na ga amaryata, ƙura har gira, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Na ce, "Inna, lafiya? Wa ya rasu?" Ta ce, "Kai za ka rasu in ka taɓa abin ga." Ta ciro takardu biyu daga ƙullin zane ta manna mini a ƙirji.

Na karanta ta Alhamis a tsaye. Na je na buɗe kwafin daren Alhamis ɗin da nake taƙama da shi, na duba girmansa, ko cikin cokali bai kai ba. Zufa ta jiƙa shaddar nan sharkaf. Tsoron da na ji jiya ya fi na ranar da na rushe, don wancan kuskure ne, wannan kuwa da shirina da murnata na zo yi.

Inna ta shimfiɗa ɗankwali a kan tabarma ta zauna kusa da kujerata, takalmin yana hannunta. Ta ce jikarta ta ce layi-layi, don haka kowane layi sai na karanta mata da Hausa kafin in taɓa. Haka muka yi. Na tsayar da zagaye. Na yi kwafi da hannu, muka zauna muna kallonsa har ya cika, na duba girmansa, wannan kam da nauyinsa. Na sa makullin hana gogewa. Na kwafi umarninki biyu, na cire fanko daga rajista, na shigar da cikakkiya. Kowane mataki sai ta ce, "Mi yac ce?" in fassara, ta ce, "Awo, wuce."

Sai gwaji. Turanci ya zubo, wannan karon na bi shi da yatsa kamar mai bitar allo. A can ƙasa na ga ya ce zai rushe ɗaya, ya gina ɗaya. Hannuna na cire daga tebur gaba ɗaya na sa a aljihu. Na koma sama a hankali har na ga dalili: suna ne dai! A rubuce kyakkyawan sunan da na sa ne, a tsaye kuma mummunan sunan kamfani. Na tuna maganarki, rubutu ke bin ma'ajiya. Na goge sunana mai daɗi da hannuna, na rubuta mummunan nan mai lambobi. Na sake gwaji. Ya ce zai haɗa ta da kwafin dare, zai juya manhaja ta kalle ta, abin rushewa kuwa babu.

Na karanta wa Inna sau biyu. Ta ce, "Babu rushewa?" Na ce babu. Ta ce, "To danna, da bisimilla." Na danna. Da ya gama na buɗe waya, sunaye suka zubo, na tashi na yi rawa a gaban tsohuwa da shadda jiƙe. Ta ce in zauna kada in zubar mata da mutunci, sannan a kawo mata ruwa, tun safe ba ta sa komai a bakinta ba.

Yau da safe na duba, kwafin daren jiya na cikakkiyar ne. Bayanan da suka faɗa fanko na kwashe su na mayar. Fankon na bar ta tsaye sai kin fito kin rushe ta da hannunki, ni na tuba da rushe-rushe.

Ki yi wa Inna tausa in ta iso. Ƙafarta ta kumbura, amma ta ce in na gaya miki sai ta ci mutuncina.

Naki,
Mas'udu.

*

Bungudu,
Litinin da yamma.

Taubashiya,

Gaisuwa gare ki da Lukuman da Inna, da fatan kumburin ƙafarta ya sauka. Ni muryata ta dishe, amma lafiyata ƙalau. A kan buhu nake rubuta miki, Dogo ya gyara mota yana jirana yana ta danna oda.

An yi ruwa jiya! Ruwan farko, mai ƙarfi, har ya cika kwalbati. Saboda haka kafin in iso da safe gaban sito ya cika maƙil, kowa na so ya karɓa ya wuce gona. Ga jakuna, ga babura, ga mata da ƙwarya. Mutum ya faɗi sunansa ko lambarsa, in duba, a shiga a ɗauko. Ko buhu ɗaya bai ɓata ba! Masu musaya kuma su ce a sa musu muryar mai irin su ji, sai ka ga dattawa sun kewaye waya suna gyaɗa kai, wani na cewa ai ya san wannan geron tun yana yaro. Da kina nan da kin yi guɗar da Inna za ta jiyo daga 'Yandoto.

Wajen azahar, mutane sun ragu, wata mata ta matso. Sunanta Zuwaira, daga ɗaya daga ƙauyukan nan da aka watse, yanzu tana zaune gidan ƙaninta a nan Bungudu, an ara mata 'yar gona a bayan gari. Ta ce ba ta da lamba. Maigidanta ne ya kawo iri bara da kaka, shi ya riƙe takardar, kuma Allah ya yi masa rasuwa da rani. Ba ta ma tabbata ya kawo nan ɗin ba, ta dai zo ne ko Allah zai sa. Na tambayi sunansa, ta ce Tambaya. Na rubuta, sai ga shi, da ƙauyensu, da lambar buhu, dawa farfara.

Aka shiga ɗaukowa. Ni kuma, da sabon da na yi tun safe, sai na danna muryar ban yi tunani ba. Sai ga shi yana magana, da ɗan tari a farko:

"Sunana Tambaya. Wagga farfara ta, ta ubana ta. Ba ta son laka, a sa mata jigawa. Ni ga ruwan farko nika shuka ta, kullum muna gardama da mai ɗakina, ita ta ce a jira na biyu. To gaskiya dai ita ad da gaskiya, na biyun ya hi. Amma kada ku hwaɗa mata na ce."

Har da dariyarsa a ƙarshe, da muryarki kina ce masa an gode, Baba.

Na rasa inda zan sa kaina, na fara ba ta haƙuri. Ita kuwa ta tsaya tana kallon wayar, can ta ce, "Ji shi. Ji shi fa! Shekara da shekaru yana musu da ni." Sai ta fashe da dariya, ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa, ban san inda dariyar ta tsaya kukan ya fara ba. Ni ma na juya baya ina gyaran buhun da ba ya buƙatar gyara. A lokacin ne na san abin da na kusa gogewa ranar Juma'a.

Ta ce in sake sa mata. Na sa. Ta ce in ƙara. Na ƙara, na kuma tura wa ƙaninta a waya don ta riƙa ji a gida.

Aka ɗora mata buhun a ka. Wani dattijo ya ce ta yi sauri, ƙasa na da laima, kowa yau zai shuka. Ta gyara gammo ta ce su je abinsu, ita sai ruwa na biyu.

Naki,
Mas'udu.